"Elevenses": shayin walaha na mutanen Ingila

Idan ƙarfe 11 na safe ya yi a Ingila, a ma'aikatu da gidaje da dama sai a aje aiki, a ɗora ruwan zafi. Kowa ya sha shayi da madara ko kafe, ya haɗa da biskit ko ɗan burodi mai zaƙi. Wannan ɗan abin taɓawa na walaha, tsakanin karin kumallo da abincin rana, shi ake kira "elevenses".

Sunan ya fito daga "eleven", wato sha ɗaya a harshen Ingilishi, sannan aka maƙala masa alamar jam'i har sau biyu. Daga bakin ƴan ƙwadagon gona aka ji shi a ƙarni na 19, a lardunan karkara irin su Kent da Suffolk. Mutane ne masu sammako, musamman lokacin girbi, kafin rana ta take ciki ya ɗauka. Abin da suke ci a bakin gona da ƙarfe 11 suka ce masa "elevenses", na ƙarfe 4 na la'asar kuwa "fourses".

Shi kansa shayi da fari abin sha ne na attajirai. Sai a 1784, da gwamnati ta rage harajinsa daga kashi 119 cikin 100 zuwa 12 da rabi, talaka ya samu ikon saye. Daga baya al'adar ta bi manoma zuwa masana'antun birane. A 1940, cikin yaƙin duniya na biyu, aka ƙayyade wa kowane mutum kimanin giram 57 na ganyen shayi a mako, ba a ɗage wannan ƙa'ida ba sai 1952, amma ba a bar shan shayin walaha ba.

Ga ma'aikaci, maganar ta wuce ta kwaɗayi, magana ce ta haƙƙi. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ba wanda ke aikin fiye da awa 6 a yini hutun minti 20. Sai dai ba ta tilasta wa mai ma'aikata ya biya kuɗin wannan hutu ba, abin ya danganta ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Manoman da suka raɗa sunan sun riga doka sanin cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.