Gara a Gidajen Katsina: Wane Magani ne na Gaske?

Da an yi ruwan farko, shinge ya rufe fitilu daga Ƙofar Marusa zuwa Rafindadi, sai zancen gara ya taso, kowa da maganin da aka faɗa masa.

Wanda ya fi yawo shi ne a fesa fiya-fiya ko Sniper a kan layin ƙasar da gara ta ja a bango. Waɗanda feshin ya taɓa za su mutu, amma ma'aikata ne kawai. Sarauniya tana can ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci ma ba a cikin gidan ba, kuma ta garar da ke gina suri takan zuba ƙwai dubbai a yini guda. Kafin a ankara, sabon layi ya ɓullo a bayan gado. Ga kuma haɗari: a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni saboda rayukan da ya ci. Ƙwayar maganin hatsi kuwa, da wasu ke cusawa a ramin cikin ɗaki, iskarta tana kashe mutum yana barci. Kada ta shiga ɗakin kwana ko kusa.

Masu cewa gara ba ta iya cin azara suna da gaskiya, amma da sharaɗi. Azarar tsohuwar giginya, baƙa mai tauri, ita ce ta riƙe rufin sorayen cikin birni shekara da shekaru. Wadda aka faskara daga ɗanyar giginya, ko mai sauran farin ɓangaren cikin itacen a jiki, gara na cinye ta.

Baƙin mai da kafintoci ke shafa wa katako yana jinkirta gara ne kawai, don ba ya ratsa tsakiya. Gidan bulo ma bai tsira ba: tsagar daɓe ko gefen bututun ruwa ya ishe ta hawa har silin.

Abin da ke aiki yana farawa ne tun daga harsashi, a jiƙa ƙasar da maganin gara kafin a zuba kankare. A tsohon gida kuwa, ƙwararre ya haƙa ɗan rami a zagayen bango ya zuba irin su fipronil, wanda ba ya kisa nan take, sai ma'aikatan garar su kwashe shi su kai wa sauran. A gyara famfon da ke ɗiga, a karkatar da ruwan indararo, a tumɓuke kututture, a kuma janye itacen girki da karan dawa daga jikin katanga.