Gwajin Manhaja a Kan Takarda

Kafin kamfanin Palm ya fitar da ƙaramar na'urarsa ta Pilot a 1996, Jeff Hawkins ya sassaƙa guntun katako daidai aljihun riga, ya riƙa yawo da shi. Idan an yi masa maganar wani taro, sai ya zaro katakon ya yi kamar yana duba jadawalinsa. Da haka ya tantance abin da zai riƙa buƙata kullum, tun ba a ƙera komai ba.

Masu tsara manhajoji kuwa da takarda suke yin nasu gwajin. A zana kowane shafi da fensir, maɓallai da akwatunan rubutu, babu launi babu ado. Sai a gayyato irin mutumin da aka yi abin dominsa, misali 'yar kasuwar da ake so ta riƙa tura kuɗi ta waya, a ce: "Hajiya, ki tura wa ƙaninki naira dubu biyar." Ta dangwala yatsa a kan maɓallin da aka zana, wani daga cikin ma'aikatan, wanda shi ne kwamfutar a wannan zama, ya janye takardar ya ajiye ta gaba, bakinsa gum. Wani kuma yana gefe yana rubuta duk inda ta yi turus. Ana roƙonta ta riƙa faɗin abin da ke ranta. Idan ta ce, "Nan zan danna?" mai jagorantar gwajin ya danne zuciyarsa ya ce, "To Hajiya, ke me kike gani zai faru?" Wannan shirun ya fi komai wuya, domin wanda ya yi zane kullum bakinsa ƙaiƙayi yake ya yi bayani, alhali ranar da manhajar ta fita ba ya nan.

Rashin kyan zanen da gangan ne. Marc Rettig ya nuna a wata maƙala ta 1994 cewa idan aka kawo samfuri mai ƙyalli, hankalin mutane kan tafi ga launi da fasalin haruffa, su bar ainihin tsarin. Ga kuma kunya: wa zai dubi idon wanda ya sha wahalar wata uku ya ce aikinsa bai yi ba? Amma zanen fensir kowa yana iya kushe shi, shi ma mai zanen ba ya jin zafin yaga shi ya sake wani nan take.

Ba a buƙatar taron jama'a. A 2000 Jakob Nielsen ya ce mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, don haka gara a gwada da biyar, a gyara, a sake kiran wasu biyar, maimakon a tara goma sha biyar lokaci guda. Sai dai idan masu amfanin iri-iri ne, kamar mai karatu da wanda karatu ke ba shi wuya, kowane rukuni da nasa gwajin.

Masu ruwa da tsaki kuwa, wato mai kamfani da masu zuba jari da lauya, a nuna musu da wuri, don su ne suka san kuɗi da doka. Amma a ganina kuskure ne a ɗauki amincewarsu a matsayin gwaji. Sun san manhajar ciki da bai, ba za su ɓata a cikinta ba. Ya fi amfani a zaunar da su su kalli Hajiya tana lalube. Gardamar da aka yi mako ana yi a ofis takan mutu a wurin.

Takarda tana da iyaka. Ba ta nuna jinkirin intanet ko yadda allo ke dusashewa a rana. Waɗannan sai an gina samfurin da ke aiki a kan waya, bayan an gama gyaran tsarin shafukan.