Firjin Amarya da Wutar Nepa

A Kano, firji ya bi sahun gado da kujeru cikin kayan ɗakin amarya. Iyaye mata kan nufi Kasuwar Sabon Gari su zaɓo mai kyan gani, amma ba kowa ke tuna halin wutar unguwar da za a kai shi ba.

An ƙera firjin ne don wuta mai ƙarfin bolt 230. Idan ta zo a raunane, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, sai injin ya yi ta gurnani har ya ƙone. Shi ya sa masu gyara ke nacin a haɗa da sitabilaiza tun ranar saye, kuma gaskiyarsu ce.

Ranar jere kuma, in an kwantar da firjin a mota, a bar shi tsaye wasu awanni kafin a kunna, don man injin ya koma mazauninsa.