Ina Za Mu Kai Shi? Yadda Za Ku Zaɓi Wurin Maganin Shaye-shaye

Idan shaye-shaye ya kama mutum, iyalinsa sukan daɗe suna rufa asiri. An yi nasiha, an yi faɗa, an yi duka, wani ma har aure aka yi masa ko zai natsu. Sai ranar da ya faɗi yana jijjiga a bakin kasuwa, ko ya ɗauki buhun hatsin gida ya sayar, sannan a ce lalle a kai shi wani wuri. A ranar nan kowa yana da shawara. Wannan ya ce a kai shi gidan mari, wancan ya ce akwai mai sauyu a ƙauye kaza, wani kuma ya ce a ƙetara iyaka da shi.

An shirya wannan ɗan littafi domin ku, uba ko uwa, mata ko miji, wa ko ƙane, da za ku yanke wannan shawara. Kuɗin da za ku kashe wataƙila na rago ne ko na gona, kuma ran ɗan'uwanku ne za ku danƙa a hannun wasu. Abu uku za ku auna kowane wuri da su: yadda yake tsare ran mutum a makon farko, yadda yake riƙe mutuncinsa, da shirin da yake yi masa na komawa gida.

Jaraba ciwo ce

Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwaya, jikinsa da ƙwaƙwalwarsa sun saba da ita. Ƙwaya ɗaya da ke isarsa a da, yanzu sai uku ko biyar. In bai samu ba, jiki ya rikice. Da yawa ba don holewa suka fara ba. Mai noma, ɗan kabu-kabu, mai dako, da mai haƙar zinariya sukan fara shan tramol ne don su jure wa aiki. A asibiti ƙwayar tramol yawanci miligiram 50 ce, kuma ba a wuce miligiram 400 a yini. Ta kan tebur kuwa akwai mai 120, akwai mai 225. Biyu daga mai 225 sun riga sun wuce iyakar yini guda, shi ya sa masu shanta suke yawan faɗuwa kamar masu farfaɗiya.

Jaraba tana kama da hawan jini ko ciwon sukari: ana shawo kanta, mutum ya yi rayuwarsa lafiya, amma sai da kulawa mai tsawo. Duk wanda ya ce muku yana da allura ɗaya ko jiƙo ɗaya da zai raba mutum da ita har abada cikin kwana bakwai, kuɗinku yake so.

Ku fara da likita

Raba jiki da abin da ya saba da shi kamar yaye ne, kuma kowane abin sha da irin yayensa. Kafin ku zaɓi wuri, ku kai shi asibiti a duba shi. Ku faɗa wa likita gaskiya: me yake sha, nawa a yini, tun yaushe, yaushe ya sha na ƙarshe, ko ya taɓa jijjiga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Giya, ko ta kwalba ko burkutu. Wanda yake sha da yawa kullum, in ya daina farat ɗaya yana iya mutuwa. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara rawa, ga gumi, ga amai. Cikin kwana biyun farko jijjiga tana iya zuwa. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan ruɗe, su yi zazzaɓi, su riƙa ganin abin da babu. Mutane sukan ce aljanu ne, alhali ciwon yaye ne, kuma yana da magani. A asibiti ana ba shi maganin kwantar da jijiyoyi gwargwado, da bitamin B1 don tsare ƙwaƙwalwa, da ƙarin ruwa in ya bukata.

Ƙwayoyin barci, irin su diyazefam. Su ma ba a yanke su rana ɗaya, don suna kawo jijjiga. Likita ne yake rage su kaɗan-kaɗan cikin makonni, wani lokaci har watanni.

Tramol da maganin tari mai kodin. Yayensu yana zuwa da hamma, majina, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da fargaba. Mafi tsananinsa yakan wuce cikin mako guda, ko da yake kasala da rashin barci sukan daɗe. Ba kasafai yake kisa ba, amma wahalarsa ce take mai da mutane ga ƙwaya. Akwai magungunan da ke sauƙaƙa shi.

Wiwi da sholisho. Mai daina su yakan yi fushi, ya kasa barci, ya rasa sha'awar abinci. Wasu kuma wiwi yana tayar musu da taɓin hankali, wanda shi ma sai an yi maganinsa.

A wannan duba na farko, ku roƙa a auna hanta, da tarin fuka, da sida. Wannan ya zama dole musamman in ya taɓa yi wa kansa allura.

Wuraren magani iri uku ne

Na farko, jeka-ka-dawo. Mutum yana kwana a gidansa, yana zuwa asibiti ranakun da aka sa masa, a ba shi magani, a zauna da shi a yi magana. Shi ya fi sauƙin kuɗi, kuma bai raba mutum da gonarsa ko sana'arsa ba. Ya dace da wanda shansa bai yi nisa ba, wanda yake so ya daina, kuma akwai mai tsaya masa a gida. Mutane da yawa wannan ya ishe su.

Na biyu, kwanciya a asibiti na ƴan kwanaki ko makonni. Wannan na mai haɗari ne: mashayin giya na kullum, wanda ya taɓa jijjiga, mai haɗa abubuwa da yawa, mai taɓin hankali, ko wanda ya yi maganar kashe kansa. A Yamai, Babban Asibitin Ƙasa yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da aka fi sani da Pavillon E. A ƙetaren iyaka akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin Najeriya a Kware, kan hanyar Ilela zuwa Sakkwato, da Kaduna, da Maiduguri. Kada sunan asibitin ya tsorata ku. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Can ne waɗanda suka koyi wannan aiki suke. Ma'aikacin asibitin da ke kusa da ku zai rubuta muku takardar turawa.

Na uku, gidan gyaran hali, inda mutum yake zama wata ɗaya zuwa wasu watanni bayan an gama yaye jikinsa. Yana da amfani ga wanda ya gwada sau da yawa a gida ya kasa, ko wanda gidansa ko unguwarsa cike take da masu sha. A nan ne ya kamata ku fi buɗe ido, domin akwai nagari, akwai kuma waɗanda kurkuku ne kawai.

Mari ba magani ba ne

A watan Satumba na 2019, ƴan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa a Kaduna, suka fito da maza da yara fiye da 300. Da yawa suna ɗaure da mari, jikinsu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka sake gano irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina. Mafi yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, da kyakkyawar niyya, suna tsammani gyara ake yi.

Mari yana hana ƙafa tafiya, amma bai taɓa sha'awar da ke cikin ƙwaƙwalwa ba. Wanda aka ɗaure shekara guda yakan fito da jarabarsa, ya ƙara da tsoro da ƙiyayyar waɗanda suka kai shi. Mashayin giya kuwa in aka kulle shi a ɗaki babu likita, yana iya rasuwa a kwana na uku. Hukumar Lafiya ta Duniya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi sun fitar da ƙa'idojin wannan magani a 2020. A cikinsu an bayyana cewa a yi magani da yardar mai shi, ba tare da duka ko wulaƙanci ba.

Addu'a da nasihar malamai suna ƙarfafa zuciya, kuma da yawa daga waɗanda suka daina za su gaya muku sun taimake su. Sai dai ku guji duk wurin da aka ce a ajiye maganin likita, ko a hana mutum abinci, ko a doke shi don a fitar da abin da ke jikinsa.

Ku je ku gani da idonku

Kada ku biya ko dala kafin ku taka wurin. Ku je ku biyu, ku yi waɗannan tambayoyi:

1. Kuna da takardar izini daga hukumar lafiya? A nuna muku ita.
2. Wane likita ne yake duba mutane, kuma sau nawa a mako? Da dare wa yake kwana da su?
3. In mutum ya yi jijjiga, wane asibiti kuke kai shi, kuma da wace mota?
4. Wane magani kuke bayarwa? In sun ce sirri ne, ku tashi.
5. Me mutum yake yi daga safe zuwa dare? Wuri nagari yana da zaman tattaunawa, shi kaɗai da mai ba da shawara da kuma cikin ƙungiya, da aikin hannu, da motsa jiki.
6. In ya karya doka, mene ne horonsa?
7. Yaushe za mu iya ziyartarsa, mu yi magana da shi ba kowa a tsaye a kanmu?
8. Nawa ne kuɗin duka, har da abinci da magani da awo? A rubuta muku a takarda.
9. In ya fita, wa zai ci gaba da bibiyarsa?

Ku roƙa a zaga da ku ɗakin kwana, da makewayi, da madafa. Ku dubi idon sawun waɗanda ke ciki da wuyan hannunsu, ko akwai tabon ƙarfe. Ku lura ko suna ɗaga kai su gaishe ku, ko kuwa suna sunkuyawa in mai gidan ya wuce. Ku duba ko an raba yara da manya. In an hana ku shiga, kun riga kun sami amsa.

Wanda ya ce duk wanda ya shigo wurinsa ya warke, ba gaskiya ya faɗa ba. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa cikin mutum 100 da aka yi wa magani, 40 zuwa 60 sukan sake sha, kusan daidai da yadda ciwon masu hawan jini yake sake tashi. Ya kuma nuna cewa maganin da bai kai kwana 90 ba, amfaninsa kaɗan ne. Kwana 90 ɗin ba lalle duka a kwance ba. Ana haɗawa da zuwa asibiti daga gida. Saboda haka kada ku zuba dukan kuɗinku a wata ɗaya na wuri mai tsada, ku rasa na mota a watanni biyar masu zuwa.

Ku sa shi cikin shawarar

Ku zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, galibi da safe. Mutum biyu ko uku da yake jin nauyinsu sun isa. Ba a tara masa dangi. Ku faɗi abin da kuka gani da idonku, ba zagi, ba gori. Ku ba shi zaɓi tsakanin wurare biyu. Wanda ya shiga da ƙafarsa ya fi daɗewa a kan magani bisa wanda aka yaudara aka ce za a kai shi gaisuwa. In ya ƙi yau, ku sake gwadawa. Amma in ya ruɗe, ko yana neman cutar da kansa ko wani, ku kai shi asibiti nan take.

Idan mace ce

Mata ma suna sha, musamman kodin da ƙwayoyin barci, sai dai an fi ɓoye nasu saboda tsoron mutuwar aure ko rasa miji. Ku nemi wurin da yake da ɗakin mata dabam da ma'aikata mata, wanda kuma yake riƙe sirri. In tana da ciki, kada ta yanke tramol ko kodin da kanta, domin cikin yana iya zubewa ko ta haihu kafin lokaci. Ta faɗa wa ungozoma ko likita a wurin awo.

Ranar dawowa gida

Makonnin farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. Jikinsa ya manta da ƙwaya. In ya koma ya sha adadin da yake sha a da, numfashinsa yana iya tsayawa. Ku gaya masa wannan a fili tun kafin ya fito.

Kafin ya iso, ku share ɗakinsa daga ƙwaya da kwalba. Ku san ranar da zai koma ganin likita, da wanda zai raka shi. Ku samo masa abin yi, ko kiwo, ko lambu, ko koyon sana'a, domin zaman banza shi yake mai da mutum majalisarsa ta da. In aikin ƙarfi ne ya kai shi ga tramol, a rage masa aikin. A watannin farko, wani amintacce ya riƙe masa kuɗi da yardarsa. In akwai waɗanda suka daina sha a garinku, ku haɗa shi da su. Sun san hanyar fiye da kowa. Ku ma ku raba nauyin a tsakaninku, kada a bar wa uwa ko mata ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In ya sake sha, ba asara kuka yi ba. Ku mai da shi wurin likita cikin makon nan, a duba abin da ya jawo, a gyara shirin.

Alamun da ba a jira da su

Ku garzaya asibiti ko da tsakar dare ne in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan: an tashe shi bai farka ba, numfashinsa ya yi ƙasa ko yana wani irin minshari, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance kamar kan allura, yana jijjiga, ya ruɗe yana rawar jiki bayan ya daina giya. Ku kwantar da shi ta gefe ɗaya. Kada ku ɗura masa madara ko mai ko ruwa, kada ku cusa masa cokali a baki. Ku tafi da kwalin ƙwayar ko kwalbar da ya sha. Akwai allura mai suna nalokson da ke dawo da numfashin wanda tramol ko kodin ya danne, amma sai an kawo shi da wuri.

In kuna da tambaya, ku zo da wannan littafi asibiti ku nemi ganin ma'aikacin lafiya. Kuna iya zuwa ku yi shawara ko da mai shan bai yarda ya biyo ku ba tukuna.