'Yar Igiyar Sauti Ta Salula: Mai Tsada Ko Mai Araha?

Duk wanda ya leƙa rumfunan masu kayan waya a kasuwar Arzeke ta Parakou, ko a babbar kasuwar Djougou, zai ga wata guntuwar igiya mai tsawon yatsa rataye cikin leda. Kai ɗaya ana soka shi a ramin caji na salula, ɗayan kuma yana da rami inda ake soka abin sauraro na kunne, wanda a nan aka fi sani da ekuter. Wata kuɗinta kaɗan ne, wata kuwa sai an ƙirga jaka da dama, kuma kowane mai kaya zai rantse maka tasa ta fi fitar da sauti.

Asalin abin dai shi ne, a 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 ba ramin ekuter, Samsung ma ya bi sahu a 2019 da Note 10. Wayoyin Itel da Tecno da yawa suna da raminsu, masu su ba ruwansu da wannan magana. Amma wanda ya sayi babbar waya, sabuwa ko ta hannu, tilas ya nemi mafita.

Karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da waƙar da ke cikin waya, duk a lambobi aka adana su, kunne kuwa ba ya jin lamba. Sai wani ɗan ƙanƙanin inji ya juya su zuwa wutar da za ta girgiza fatar ekuter. Turawa suna kiransa DAC, kuma shi ne ke ɓoye cikin kan igiyar. To, a nan ne tarko na farko yake. Akwai igiyar da ba ta da injin ko kaɗan, zallar waya ce, kuma a ido ba ka bambanta su. Irin wannan sai a wasu wayoyi ƙalilan take aiki. A yawancin na Samsung da Pixel shiru za ka ji. Kada ka biya sai an soka ta a wayarka.

Idan injin na gaskiya ne, bambancin da ke tsakanin wannan da wancan bai kai yadda ake zuzutawa ba. Inda suke rabuwa sosai shi ne ƙarfi. Ƙaramin ekuter na cikin kunne, mai om 16 zuwa 32, kowace igiya za ta ɗauke shi. Manya masu rufe kunne, irin na ɗakin watsa shirye-shiryen rediyo, wasu suna kai om 250 ko 300, kuma su ne ke buƙatar manyan na'urori irin DragonFly ko na FiiO. Abin mamaki, igiyar Apple da aka fitar a 2018 kan dalar Amurka 9, wadda masu awon sauti suka yaba da tsabtarta, iri biyu ce: ta kasuwar Amurka tana ba da bolt 1, ta Turai rabin haka. Na biyu kuma shi ne hayaniya. Tsayar da waƙar ka kasa kunne. Idan ka ji "shuu" ko ƙarar ƙas-ƙas, araha ba ta ado, mayar masa da abarsa. Ka gwada kira ma, don wasu ba sa ɗaukar maganar makirfo.

Lambobin jikin kwali kuwa, irin su 32 da 384, kada su ruɗe ka. Faifan CD da ya fito a 1982 yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, kuma wannan ya ƙunshi duk abin da kunnen yaro mai lafiya ke iya ji, wato girgiza 20,000 a daƙiƙa. Mu kuma me muke sauraro? Tafsirin da aka kwafo daga tsohon kaset, ko waƙar da ta bi ta hannun mutum goma a WhatsApp. Abin da ya zube a hanya babu injin da zai maido shi. Wanda ke da 'yan kuɗi, gara ya zuba su a ekuter mai kyau, can ne kunne ke jin canji nan take.

Wajen gwaji a kula da abu ɗaya: kunne yana ɗaukar wanda ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Sai a daidaita ƙarar duka biyun, waƙa ɗaya, ekuter ɗaya, a koma bayan rumfa nesa da zemijan, ka juya baya abokinka ya riƙa sauyawa. Da yawa a nan suke kasa faɗin wacce ce mai tsadar. Lokacin hunturu kuma, kafin a zargi igiya, a duba ramin caji, ƙura kan cika shi.

Igiya mai ƙarfi tana da nata haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi kada ya wuce awa 40 a mako a ƙarar desibel 80, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Matafiyi a mota tsakanin Parakou da Djougou yakan ƙure ƙara don ya danne kukan inji. Ekuter mai robar da ke toshe kunne yana rage kukan, sai a ji karatu sarai a rabin ƙara.