Itatuwan Bakin Gari

Gari marar itatuwa kamar gida ne marar darni.

A 1965 aka fara dasa dogon yaro a gefen birnin Yamai, don ya tare iska da ƙura, jama'a su samu wurin hutawa. Yau gidaje da shara sun ci wurin ƙwarai.

Mu nan Matameye, gawo ne darninmu. Da rani yana da ganye: matafiyi ya sha inuwa, awaki su ci ƴaƴansa. Da damina ya kaɗe, hatsi ya samu rana.

Ranar 3 ga Agusta ake dashen itace. Amma dashe ba wuya, reno ne aiki. Ka kewaye naka da ƙaya, ka ba shi ruwa.