Imani, ibada da wa'azi: ina hannun gwamnati ya tsaya?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fassara dokokin ƙasa daga Faransanci zuwa Hausa ya san cewa «ƴancin addini» kalma ce mai faɗi ƙwarai. A cikin wannan ɗan rubutu za mu gwada rarrabe abubuwan da ta ƙunsa, don mu nuna cewa takurawar hukuma ga shugabannin addini tana ɓuya ne a tsakanin kalmomin da fassara ta haɗe wuri guda.

1. Kalma ɗaya, ma'ana uku

Aya ta 30 ta tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ta jera kalmomi dabam-dabam, daga cikinsu akwai «conscience», «religion» da «culte». A rediyo da wuraren taro yawanci akan fassara su duka da «ƴancin addini». Amma idan aka duba da kyau, Hausa tana da kalmomin da za su raba su:

a) imani: abin da ke cikin zuciya, wanda hukuma ba ta iya gani;
b) ibada: abin da ake yi cikin jama'a, wanda ke buƙatar gini, kuɗi da shugaba;
c) wa'azi ko kira: fita neman wanda ba ya cikin addinin.

Da wuya a samu gwamnatin da za ta ce ta hana na farko. Na biyu da na uku su ne ake taɓawa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a riƙe limami: takardar zamansa, izinin gininsa, ko bakinsa.

2. Misalin ƙasashen Otodoks

A Rasha, inda cocin Otodoks ke da rinjaye, dokar 1997 ta amince da ƴancin imani, amma gabatarwarta ta ambaci matsayi na musamman da Otodoks ke da shi a tarihin ƙasar. A watan Fabrairu 2002 fadar Batikan ta mai da yankunanta huɗu na Rasha cikakkun yankunan bishop: Mosko, Saratov, Novosibirsk da Irkutsk. Shugabannin Otodoks suka ɗauki wannan a matsayin farautar mabiyansu. A watan Afrilu aka mai da bishop na Irkutsk, Jerzy Mazur, ɗan ƙasar Polan, daga filin jirgin saman Mosko. Ba a rufe coci ba, ba a hana kowa addu'a ba. Biza kawai aka soke. To amma da yake mulkin Sobiyet ya hana horar da limaman Katolika shekaru da yawa, akasarinsu baƙi ne, don haka soke biza daidai yake da barin jama'a ba shugaba.

A Belarus kuwa, ranar 31 ga Agusta 2020, aka hana babban bishop na Minsk, Tadeusz Kondrusiewicz, komawa gida daga Polan, alhali ɗan ƙasa ne, bayan ya soki dukan da jami'an tsaro suka yi wa masu zanga-zangar zaɓe. Hujjar da aka bayar ita ce fasfonsa. Sai 24 ga Disamba aka bari ya shigo.

3. A ƙasar Hausa

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a nan. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, kuma gwamnatin Ingilishi ta taƙaita shigar ƴan mishan cikin masarautun Musulmi. Mishan ɗin likita Walter Miller, wanda ya daɗe cikin birnin Zariya, ya koma Wusasa, bayan ganuwa, a 1929. Wato an bar imani da ibada, an ɗaure wa'azi.

A Nijar, inda cocin Katolika ta kafu a Yamai a 1931, batun ya ɗauki wani salo. Bayan Taron Ƙasa na 1991 an yi ta gardama kan kalmar «laïcité». Wasu sun fahimce ta da «ba ruwan gwamnati da addinin kowa», wasu kuma da «ƙasa marar addini». Tazarar da ke tsakanin fassarorin biyu ta isa ta tada hankali, har aka fitar da kalmar daga tsarin mulki. Aya ta 3 ta 2010 ta yi maganar raba gwamnati da addini ne kawai.

A watan Yuni 2019 majalisar dokoki ta amince da doka kan «exercice du culte», wadda ta ba hukuma ikon sa ido kan gina wuraren ibada, kuɗin da ake gina su da shi, da yadda ake amfani da su. Dokar ta shafi kowane addini, kuma waɗanda suka fi nuna damuwa a fili wasu malaman Musulunci ne. A Maraɗi an kama wani limami da ya soke ta. A daren 15 ga Yuni masu zanga-zanga suka ƙone wata coci. Rikicin tsakanin malamai da gwamnati ne, amma tsiraru suka ɗauki asara, kamar yadda ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairu 2015.

Kammalawa

Abin lura daga misalan nan shi ne: alƙalamin da ya hana bishop shiga ƙasa shi ne zai iya hana limamin Juma'a hawa mumbari. Wane ne mai rinjaye, wannan ya danganta da ƙasa. Kayan aikin hukuma iri ɗaya ne.

Saboda haka muna ba masu fassara shawara su daina haɗe kalmomin nan. A ce «ƴancin imani», «ƴancin ibada», «ƴancin wa'azi», kowanne a gurbinsa. Haka nan «ordre public», wanda da sunansa ake taƙaita ƴanci, kada a wuce shi da «zaman lafiya» kawai, domin ba wanda zai yi musu da zaman lafiya. A bayyana cewa hukuma ce ke yanke abin da ya saɓa masa. Talakan da ya ji doka cikin harshensa ya kamata ya gane abin da aka bar masa da abin da aka riƙe.